Ina Ungulayen Mahautarmu Suka Tafi?

Jama'a don Allah ku ɗan ba ni hankalinku, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai.

Ranar Asabar da ta wuce na bi wasu matasa 'yan ƙungiyar kallon tsuntsaye zuwa wata fadama a bayan garinmu. Bayan sallar asuba muka fita, mu tara, madubin hangen nesa guda uku kacal muke karɓa-karɓa, kowa da ɗan littafi da biro ko waya a hannu. Kafin hantsi mun ga balbela, zalɓe, carki a bayan shanun wani Bafulatani, cilkowa, hazbiya, ga ragon maza yana ta wannan kukan nasa a cikin duhuwa kamar ana tsiyaye ruwa daga gora. Wata yarinya 'yar jami'a ce ke rubuta komai, da lokacin da aka gani da wurin. Da na dawo na ba wani abokina labari, buɗar bakinsa sai ya ce wai aikin Turawa ne da waɗanda suka ƙoshi. Wallahi maganar nan ta ɓata min rai, shi ya sa nake wannan rubutun.

Eh, gaskiya ne Bature ne ya fara kafa irin wannan ƙungiya a ƙasar nan. A shekarar 1930 wani jami'in mulkin mallaka mai suna A.F.B. Bridges ya kafa Nigerian Field Society, a 1931 suka fara fitar da mujallarsu, kuma har yau ƙungiyar tana nan da rassa a irin su Legas da Ibadan, yanzu 'yan ƙasa ke riƙe da ita. Aikinsu shi ne fita daji da duwatsu da tsofaffin garuruwa, a yi lacca, a rubuta abin da aka gani na tsiro da dabba da al'adun mutane. To amma ina tambaya, Baturen da ya zo ya rubuta sunan ƙirya da marke da kanya da taura, a bakin wa ya ji? Ba kakanninmu maharba da masunta da masu maganin gargajiya ne suka riƙa nuna masa ba? Ilimin namu ne, rubutawar ce ba mu yi ba.

Kakata Allah ya jiƙanta ba ta taɓa shiga aji ba, amma da ta ga shamuwa ta sauka kan tsamiyar ƙofar gida za ta ce a fito da iri a gyara, damina ta ƙaraso. Kuma haka ne, tsuntsuwar nan tana biyo ruwa ne, ta yi sheƙa ta yi 'ya'ya a wajenmu, rani na kamawa ta nufi kudancin Afirka. Yau ka tambayi yaro ɗan sakandare ya nuna maka shamuwa, sai ya tsaya yana kallonka.

Ku dubi abin da ya faru a Jos. A ƙauyen Laminga akwai dajin Amurum, ɗan ƙaramin daji ne, hekta kamar 300, amma an ƙirga tsuntsaye sama da iri 300 a ciki, kuma nan ne cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis take, wadda ke aiki da Jami'ar Jos. A duwatsun yankin akwai wani ɗan jan tsuntsu dangin tsuntsun nan da ake kira baiwar Allah wanda sai a 1998 masana suka tabbatar iri ne na daban. Kun san yadda aka gano shi? Akwai wani baƙin tsuntsu da ba ya yin sheƙa, sai ya lallaɓa ya zuba ƙwansa a sheƙar wani, ɗansa ya tashi yana kwaikwayon kukan wanda ya rene shi. Wani masani Robert Payne ya ji baƙin tsuntsun nan yana wani kuka da bai yi kama da na duk jan tsuntsun da aka sani ba, ya bi diddigi har ya kai ga mai kukan. Subhanallah. Sauraro kawai da haƙuri.

Daga cibiyar nan ne aka fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kamar kilomita 9 tsawo 9 faɗi, ka shiga ka yi aƙalla awa biyu kana rubuta duk abin da ka gani a manhajar waya ka tura. Ba sai kana da digiri ba. Abin da yaran da na bi suke yi ke nan, da kuɗin aljihunsu suke zuba mai a mashin.

Kuma ba su tsira ba, don muna cikin tafiya wasu mutane suka tare mu da sanduna wai me muke leƙe da madubi, ko 'yan kai rahoto ne. Ban ga laifinsu ba, halin da ake ciki na rashin tsaro ya isa ya sa kowa zargi. Sai da muka je gaban mai unguwa aka yi bayani, daga ƙarshe ma wani dattijo a cikinsu ya karɓi madubin ya ɗora a ido ya yi shiru, can ya ce rabonsa da ganin gauraka a fadamar nan tun yana saurayi, da kuwa garke-garke suke sauka.

Nan jikina ya yi sanyi. Gauraka fa ita ake kira tsuntsuwar ƙasa a Najeriya, yanzu ganinta sai an sha wuya. Ungulu ma haka, muna yara mahauta cike take da su har sai an kora, yau ka yi wata ba ka ga ko ɗaya ba, an ƙarar da su da guba da kamu don sayar wa masu tsibbu, tun 2015 aka sa ta cikin masu dab da ƙarewa a duniya. Mushen da take cinyewa yanzu wa ke kwashe shi? Sun ɓace a gaban idonmu kuma ba wanda ya rubuta shekarar da ya ga ta ƙarshe a garinsu.

Ni dai na sa kaina, Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma, kuma na roƙi dattijon nan ya raka mu ya riƙa faɗa mana sunayen da Hausa muna rubutawa, ya ce to, amma mu zo da wuri kafin ya tafi gona.