Tsakin roba a cikin man wanke fuska

Ƙanwata na shirin aure, shi ne ta dawo daga kasuwar Nima a nan Accra da wani man dirje fuska, irin mai tsaki-tsakin nan a ciki. Sai murna take, wai mai shagon ta ce mata cikin sati biyu fuskarta za ta yi sumul. Na ce miƙo in gani. Na matsa kaɗan a kofi, na zuba ruwa na dama, na tace da farin ƙyalle. Kumfa ta wuce, aka bar wasu 'yan ƙwayoyi shuɗaye, ko ƙwayar gero ta fi su girma. Na murza, ba su narke ba. Na zuba ruwan zafi, suna nan.

Ta ce, "Yaya, ba gishiri ba ne?"

Na juya bayan robar na nuna mata inda aka rubuta polyethylene. Da abin da ake yin ledar fiya wata, da shi aka yi su. Wato leda aka niƙa, aka sa mata turare, muka biya kuɗi muna goga wa fuskarmu.

Ledar fiya wata ko banza ana ganinta. Akwai matan da ke bin lungu suna tsinta, su cika buhu su sayar. Wannan tsakin fa wa zai tsince shi? Da kin ɗauraye fuska ya bi ruwa. A ƙasashen da ke da injinan tace ruwan datti ma wani yana sulalewa, balle mu da ruwan wankanmu daga bayi sai kwata. Daga babbar kwatar Nima ya gangara kogin Odaw, daga Odaw sai tafkin Korle, daga nan sai teku. Kifi ya ɗauka abinci ne ya haɗiye. Kuma roba tana da halin kwasar gubar da ke cikin ruwa ta riƙe a jikinta. Masuntan Jamestown da Chorkor su kamo, mu kuma mu saya a soye mu ci da dokunu da yaji.

Waɗanda suka ƙirƙiro abin tuni suka juya masa baya. Obama ya sa hannu a dokar hana shi a Amurka a Disambar 2015. Ingila ta hana sayar da shi a 2018, Tarayyar Turai ta bi sahu a Oktoban 2023. Abin da ke cin raina shi ne, kayan da aka kora daga can ba ƙasa ke haɗiye su ba, kasuwa suke nema, kuma mun san halin kwantenonin da ke sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema.

Na san wani zai ce kwatocinmu sun toshe da leda, ambaliyar 3 ga Yunin 2015 a shataletalen Kwame Nkrumah Circle har yau ba ta bar zukatanmu ba, ke kuma kina maganar abin da ido ba ya gani. Gaskiya ne, leda ta fi yawa nesa ba kusa ba. Amma hana leda rigima ce babba, don abincin dubban mutane na jikinta, tun daga mai koko har yarinya mai tallan ruwa. Wannan kuwa ba wanda zai kwana da yunwa idan an hana shi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, FDA, da ke yi wa kayan kwalliya rajista ta taɓa hana mayukan bilicin masu hydroquinone. Ya kamata ta ƙara wannan a jerin, a tare shi tun daga tashar jirgin ruwa.

Kuma me muka rasa? Iyayenmu da dilka da kurkur suke gyara amare, ga sabulun salo, ga man kaɗe da ake kawowa daga Tamale. Sukari da zuma ma suna dirje fuska tas. (Kada a zo a tuna min sosonmu na raga shi ma roba ne. Na sani. Aƙalla shi sai ya shekara a rataye a ƙusa.)

Amarya dai ta kumbura baki, ta ce to kuɗinta fa? Na biya ta. Hajiyarmu ta kwaɓa mata dilka, yau kwana huɗu ke nan ana shafawa.