Kafin ka biya kuɗin karatun kwamfuta, tambayi wa zai duba aikinka

Idan lokacin zaɓen jami'a ya zo, ɗalibi da iyayensa kan shiga tsaka mai wuya: ga makaranta mai suna da tsada, ga mai sauƙin kuɗi da ba a cika jin ta ba. A fannin ilimin kwamfuta, ina ganin mutane da yawa suna biyan kuɗi a kan abin da bai kai a biya ba.

Abin da ake karantarwa a aji kusan ɗaya ne a ko'ina. Tun 1968 ACM, ƙungiyar masana kwamfuta, ke fitar da jagoran tsarin karatun fannin, daga baya tare da IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki, kuma jami'o'i da dama daga nan suke ɗiba. A 2001 jami'ar MIT ta Amurka ta sanar da cewa za ta zuba darussanta a intanet kyauta, ga kuma CS50, darasin share fagen ilimin kwamfuta na jami'ar Harvard, ga duk mai so. Wanda ya ci bashi don sauraron lacca kawai, ya sayi abin da ake rabawa a banza.

Abin da ya cancanci kuɗinka shi ne mutane. Malamin da zai zauna ya bi abin da ka rubuta layi-layi, ya nuna maka cewa manhajarka tana aiki amma za ta durƙushe ranar da mutum dubu suka hau ta lokaci guda. Abokan karatun da za ku kwana kuna farautar kuskure ɗaya tare. Sai hanyar samun horon aiki a kamfani kafin ka gama. Waɗannan ba sa fitowa a hoton gine-gine, sai an tambaya. Ɗalibai nawa ne a aji? Wa ke duba aikinsu, mutum ko na'ura kawai? Ina waɗanda suka kammala shekaru uku da suka wuce suke aiki yanzu? Makarantar da ta kama kame-kame a nan, ni ta fita daga raina komai sunanta.

Ban ce suna ba shi da amfani ba. Yana buɗe ƙofar aikin farko, kuma mai burin zama masanin bincike yana bukatar inda manyan masana suke. Haka nan araha ba ta ado: digirin da hukuma ba ta tantance ba hasara ne ko da kyauta aka ba ka. Amma tsada ma ba shaida ba ce. Jami'ar Georgia Tech ta Amurka ta fara digiri na biyu a ilimin kwamfuta ta intanet a 2014 a kan kaso kaɗan na kuɗin zama a harabarta, kuma takardar da ake bayarwa iri ɗaya ce.

Abin da ya fi damuna shi ne bashi. Matashin da ya fito da bashi a wuya dole ya karɓi aikin da ya fara samu, ko da ba zai koyi komai a ciki ba, a fannin da kayan aikinsa ke sauyawa cikin 'yan shekaru. Ɗan uwansa da ya fito ba a bin sa komai yana iya jira wata shida, ya ƙara koyo, ko ya gwada gina tasa manhajar.