Jamus ta riƙe maƙwabtanta, mu fa?

Duk sanda na hau jirgin ƙasa daga nan Kolon ta Jamus zuwa Faris, nakan tuna cewa kakannin waɗanda ke zaune kusa da ni sun yi ta kashe juna har 1945.

Abin da ya sauya su tsoro ne da lissafi. Adenauer, shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma na farko, ya gane cewa babu mai sake yarda da Jamus muddin tana tafiya ita kaɗai, sai ya ɗaure ta da maƙwabta: haɗakar kwal da ƙarfe a 1951, ƙungiyar NATO a 1955, yarjejeniyar abota da De Gaulle na Faransa a 1963. Willy Brandt, wanda ya riƙe kujerar daga baya, ɗan wata jam'iyya daban, ya waiga gabas, har ya durƙusa a Warsaw, babban birnin Poland, a Disambar 1970 don nuna nadama. Bai rusa ginin Adenauer ba, ɗori ya yi a kai. Wannan ne ke ba ni kishi.

Ai mu ma a Najeriya mun ɗauki irin wannan darasin. Yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970, Gowon kuma ya ga yadda Kodebuwa da Gabon suka amince da Biyafara, yayin da Nijar ta Diori Hamani ta tsaya tare da Legas. Daga nan shi da Eyadema na Togo suka yi ta zarya har aka kafa ECOWAS a 1975. Murtala ya bijire wa Amurka kan Angola. Sojojinmu sun mutu a Laberiya da Saliyo.

Sai ga 2023. Bayan juyin mulkin Yamai, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, aka rufe iyaka, ana ta maganar kai soja. Ƙanwar mahaifiyata a Maraɗi take aure, to wa za a harba? Yau Nijar, Mali da Burkina sun fice daga ƙungiyar da muka haifa.

Kada a ce na mai da Jamusawa waliyyai. Wannan aƙida tasu ta "ciniki na hana yaƙi" ita ta sa suka jingina da gas ɗin Rasha, sai da Putin ya afka wa Ukraine a 2022 suka farka, Scholz, shugaban gwamnati na lokacin, ya ware Yuro biliyan 100 don soja. Mu mazauna Jamus mun ji a jikinmu, kuɗin ɗumama ɗaki ya kusa kai ni ƙasa a hunturun shekarar.

Amma ko a tsakiyar wannan ruɗanin ban ji wani shugaban gwamnati a Berlin ya yi wa Faransa barazana ba. A wajenmu kuwa, wanda ke Aso Rock shi ne manufar, ranar da ya sauka ta bi shi gida.