Yadda Pauline Ta Kai Ni Gaban Hajiya

Super Smash Bros. gem ne na dambe, amma damben da ba a tambayar mutum daga wace unguwa ya fito. Mario zai kai wa Pikachu naushi, Sonic ya yi wa Link ƙafa, Ryu na Street Fighter ya shigo yana zare ido a kan Kirby, wata 'yar dunƙulalliyar halitta ruwan hoda da ko wuya ba ta da shi. Masahiro Sakurai ne ya fara haɗa wannan rigima a Japan a 1999 da 'yan dambe 12, zuwa na ƙarshen da ake kira Ultimate, wanda ya fito a Disamba 2018 a kan na'urar gem ta Nintendo Switch, sun haura 80. Ni kuwa da na sayi tawa Switch ɗin ta hannu a Farm Centre, na ce wa Maman Ummi don yara na saya. Ummi a lokacin ko zama ba ta iya ba.

Damben bai taɓa ɗauke mini hankali sosai ba, don ni ba gwani ba ne. Abin da ya kama ni tarin hotuna ne. A cikin Ultimate akwai wasu katunan zane da suke kira Spirits, yanzu sun haura 1,500, kowanne hoton wani ne daga wani gem, an ɗauko shi yadda masu shi suka zana shi tun asali. Na Metal Gear da shanyewar tawadar Yoji Shinkawa suke, kamar mutum ya zana da alƙalami yana sauri amma komai ya zauna. Na EarthBound hotunan 'yan siffofin yumɓu ne da aka mulmula da hannu. Wasu kuma tsofaffin zane ne na shekarun 1980, ido a karkace, launi uku kacal, amma in ka gani sai ka ji wani daɗi. Duk wanda ya taɓa sayen cingam don katin ɗan ƙwallon da ke ciki ya jefar da cingam ɗin, ya san ciwon da nake nufi.

Kuma ba a kyauta ake ba ka su ba. Akwai allo da suke bayyana a kai na ɗan lokaci, ka zaɓi wanda kake so, ka yi faɗa da 'yan damben da aka shirya su kwaikwayi halin mai hoton. In ka sha kashi ya ɓace, sai wata rana. In ka yi nasara ma ba a gama ba: za a miƙa maka bindiga, ga wata katanga tana zagaye shi tana juyawa da 'yar ƙofa a jiki, sai ka harba ta cikin ƙofar. Ka kuskure ka sami katanga, ya tafi, sai dai in ya dawo ka tarar ƙofar ta ɗan ƙara faɗi. Daraja hawa huɗu ce, daga mai tauraro ɗaya zuwa mai huɗu, kuma masu huɗun nan su ne suke raba mutum da barci.

Pauline mai tauraro huɗu ce.

Ita ce matar da gwaggon biri ya sace a gem ɗin Donkey Kong na 1981, wadda Mario ya yi ta hawa tsani don ya ceto tun ba a fara kiransa Mario ba. A 2017 ta dawo cikin Super Mario Odyssey a matsayin magajiyar garin New Donk, da jan kaya da gashi har baya, kuma daga can aka ɗauko zanen katinta. Faɗan samunta kuwa, wanda ya tsara shi Allah ya shirye shi. A filin 75m ake yi, filin da duk ƙarafa ne da tsani da lif masu hawa da sauka, ga wuta tana yawo. Peach, gimbiyar gem ɗin Mario, ce take tsayawa a madadin Pauline, kuma ba ta faɗa, gudu kawai take yi, irin gudun wanda ya hango mai binsa bashi a bakin layi. Mario mai gashin baki yana tare maka hanya, can kuma sai ga ƙaton Donkey Kong ya faɗo, agogo yana ta cin lokaci.

Da rana ina shago, da yamma yara suna kan talabijin, saboda haka sai dare nake samun sarari. Alherin Switch shi ne ana cire ta a riƙe a hannu. Sai in bari Maman Ummi ta yi barci, in ja bargo in rufe kai don kada haske ya tashe ta, in kashe sauti, in shiga farauta. Ashe ba barci take ba. Abin da take gani shi ne miji ya lulluɓa cikin zafin watan Afrilu, haske yana fita ta ƙasan bargo, yatsu suna ta motsi, lokaci-lokaci ya yi tsaki ya ce a hankali, "Ki tsaya mana."

Sannan na ƙara wa miyar gishiri da kaina: na samo zanen Pauline a intanet na sa a fuskar wayata, don in riƙa tuna abin da nake wahala a kansa.

Akwai wani abokina mai gyaran waya, shi ma yana tarawa, kullum muna kwatanta lissafi. Wata Juma'a bayan sallar isha'i ya kira ni ina zaure, na manta tagar kicin a buɗe take. Abin da na faɗa, yadda aka maimaita mini shi daga baya ba ragi ba ƙari, shi ne: "Wallahi Pauline ta wahalar da ni. Jiya har ƙarfe biyu ina binta. Da na matso sai ta gudu sama. Kuma wannan mai gashin bakin ba ya barin kowa ya je kusa da ita. Amma ko nawa zan kashe sai na same ta kafin azumi." Kuɗin da nake nufi kuɗin cikin gem ne, wanda ake sayen damar sake karawa da shi.

Maman Ummi ba ta ce uffan ba. Ta kawo tuwo, ta kawo ruwa, har da "sannu da hutawa, Baban Ummi." Na lura miyar ta ɗan yi yaji fiye da kullum, na ɗauka attaruhun bana ne.

Ranar Lahadi da hantsi autanmu ya zo a babur ya ce, "Yaya, Hajiya tana kira, ta ce ko me kake yi ka ajiye." Na tambaye shi lafiya, ya ce shi dai an aiko shi, amma yana danne dariya har kafaɗarsa na rawa.

Na tarar da ɗakin Hajiya a cike. Ga Hajiya a kan darduma da carbi, ga Yaya Babba an ɗauko ta tun daga Gwale, ga Inna ƙanwar mahaifinmu wadda ba a kiranta sai magana ta girma, ga Maman Ummi a gefe da mayafi har goshi tana kallon ƙasa kamar ba ita ta haɗa taron ba. Na durƙusa na gaishe su. Aka amsa a taƙaice.

Hajiya ta ce, "Ƙarin aure ba haram ba ne. Babanku ma ya yi. Amma a ce sai a bakin taga za mu ji? 'Yar gidan waye?"

Na ce, "Wace, Hajiya?"

Inna ta ce, "Folin."

Kafin in haɗiye yawu Yaya Babba ta ɗora: "Kuma an ce akwai wani mai gashin baki da yake nemanta. Kai da iyalinka za ka je kana rigima da wani a kan mace? In ya sa aka yi maka illa fa?"

Na ce wallahi zane ne, katun ne, na zaro waya na miƙa. Wayar ta zagaya ɗakin hannu zuwa hannu. Hajiya ta nisanta ta da idonta, ta matso da ita, ta ce, "Ko ɗankwali babu." Inna ta ce ai da gani ba 'yar nan ba ce. Na ce to kun gani, zane ne. Sai a lokacin Maman Ummi ta ɗago kai, cikin ladabi, ta ce, "Hajiya, yanzu ai duk 'yan mata haka suke yi. Akwai abin da ake dannawa a waya ya mayar da hoton mutum katun. Ko ni ina da shi." Ta nuna nata. Wallahi ya fi kama da zane a kan na Pauline.

A nan ne na ji haushin Sakurai, duk da ina ganin girmansa. A Smash ɗin 2001 da ake kira Melee abin tarawar 'yan mutum-mutumi ne kusan 300, kana juya su ta ko'ina, kuma kowanne da rubutaccen bayani a gefe: wane ne, daga ina ya fito, wace shekara. A na 2008 mai suna Brawl sun kai 544, ga sitika 700 a kai. Da aka zo Ultimate sai ya ce ƙera su yana cin aiki da yawa, aka koma hoto shimfiɗaɗɗe, aka zubar da bayanin gaba ɗaya, sai suna da lamba da gidan da mutum ya fito. Na yarda da hakan aka samu damar shigo da ɗaruruwan da ba za a taɓa ƙera musu mutum-mutumi ba, kuma zanen asali ya fi mini kyau. Amma da akwai layi uku a ƙarƙashin hoton nan da suka ce an ƙirƙiro ta a 1981, da na nuna wa Inna cewa Pauline ta girme ni, a tashi taro.

Auta ne ya ce a ɗauko na'urar kowa ya gani da idonsa. Ya koma gidana ya kwaso ta da mazauninta da wayoyi, aka tayar da janareta da man da ni na biya, aka jona a talabijin ɗin Hajiya wadda ba ta san komai ba sai tafsiri da labarai. Muka yi ta sabunta allon, ina ƙona kayan da na daɗe ina adanawa, wasu fuskoki suna zuwa suna wucewa, Inna tana tambayar kowanne, "Wannan ce?" har da wani kunkuru. Can sai ga ta.

Na karɓi hannun gem ɗin na gyara zama. Ban san me ya sa ba, idon uwa yana da nauyi. Na hau lif, na faɗa rami. Na sake karawa, Donkey Kong ya tafa ni tsakanin tafukansa na fice ta gefen allo. Yaya Babba, wadda ta zo yi mini faɗa, ta koma tana cewa, "Bi ta can! Ga ta can sama! Kai, wannan yaro." Hajiya ta ajiye carbi. Inna ta tambaya ko birin ne waliyyinta.

Auta ya ce, "Yaya, kawo." Yaron da na yi wa wanka da hannuna. Ya shiga jakar katunana, ya yi ta dube-dube yana girgiza kai, ya ce na tara dukiya ban san amfaninta ba. Ashe hotunan da nake ajiyewa don kallo kowanne da aikinsa. Ya ɗora wani babba da na yi ta ciyarwa har ya kai mataki na 99 ban taɓa fita da shi ba, ya haɗa da wani ƙarami mai ba mutum sandar harbi ta gem ɗin Kid Icarus, wadda ƙarfinta yake ƙaruwa in abokin faɗa yana nesa. Ko tsani ɗaya bai hau ba. Ya tsaya daga ƙasa ya saita, ya yi ta sakar wa Peach wuta tana can ƙarshen allo, kafin birin ya gama sauka an gama. Ɗakin ya ɗauki sowa. Inna har guɗa ta fara, ta tuna a kan me ake, ta katse.

Sai ga katangar tana juyawa, ga Pauline a tsakiya. Auta ya miƙo mini ya ce, "Yaya, kai ka sha wahalarta, kai za ka ƙarasa."

Katangar masu tauraro huɗu tana gudu sosai. Na ƙura ido, na bar ƙofar ta wuce, ta sake wucewa, ina lissafi. Daidai lokacin da zan danna, Ummi ta rarrafo ta kama gwiwar hannuna don ta miƙe tsaye. Harsashin ya daki katanga, wani ɓangare ya ɓalle, Pauline ta yi sama ta ɓace.

Hajiya ta ce, "Alhamdulillahi, ta tafi."

Maman Ummi, har yanzu tana kallon ƙasa, ta ce, "Ko a allon ma ba ta yarda ba." Yaya Babba ta kifa kai a cinyar Inna tana dariya har da hawaye.

Hukunci ya fito kamar haka: a cire hoton daga fuskar waya a sa na Ummi, ba lulluɓa da bargo, kuma tunda na tayar wa matata hankali a kan zane, turmin atamfa ɗaya, ja, ita za ta zaɓa. Na ce na ji na karɓa. Ina naɗe wayoyi sai Hajiya ta nuna talabijin da baki ta ce, "Shi wannan mai gashin bakin, me yake yi a rayuwa?"

Na ce, "Mai gyaran famfo ne, Hajiya."

Ta ce, "To shi da sana'arsa. Famfon tsakar gidan nan tun kafin babbar sallah yake yoyo, na faɗa maka na gaji. Kafin ka tafi ka duba shi."

Auta ya ce shi zai riƙe mini Switch ɗin kada ta jiƙe. Ina tsugune a bakin rariya da sifana da ledar ɗaure bututu, ruwa yana fesa mini a fuska, ina jiyo Yaya Babba daga ɗaki tana ce masa ya nuna mata inda ake danna naushi.