Tsohon gidan gurzar auduga na Gruene, da namu na Funtua

Tsakanin Austin da San Antonio, a jihar Teksas ta Amurka, akwai wani ɗan ƙauye da ake kira Gruene, a bakin kogin Guadalupe. Yanzu garin New Braunfels ya haɗiye shi. Jamusawa 'yan ci-rani ne suka kafa shi, auduga kuma ita ta raya shi. A 1878 Henry Gruene ya gina zauren rawa domin manoman da ke masa noma su sami inda za su huta ranar Asabar, ya kuma kafa injin gurzar auduga a gefen kogi. A 1922 gobara ta cinye gidan gurzar, sai ɗakin tukunyar injin da aka gina da jan bulo ya tsira. Ƙwaron auduga ya biyo baya, karayar tattalin arzikin 1929 ta ƙarasa abin da ya rage, mutane suka watse.

Ni mutumin Funtua ne, shi ya sa wannan labari bai yi mini kama da na baƙi ba. Mu ma auduga ce ta yi mu. Har yau muna da unguwar da ake kira da sunan kamfanin Turawa mai sayen auduga, BCGA, ga layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa ta wajenmu zuwa Gusau da Ƙaura Namoda. Mun ga zamanin da motoci ke layi da kaya, mun kuma ga lokacin da abin ya ja baya. Inda muka rabu da mutanen Gruene shi ne abin da kowa ya yi da kangon da aka bar masa.

Su ba su rushe ba, ba su kuma sa kwado sun kulle suna jiran 'yan makaranta su zo yawon buɗe ido ba. A 1975 aka sa ƙauyen cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa, a shekarar kuma wani mai suna Pat Molak ya sayi zauren rawar, Gruene Hall. A 1977 aka buɗe gidan abinci mai suna Gristmill a cikin ragowar gidan gurzar. Bulon nan da ya sha wuta yana nan yadda yake, ba wanda ya shafe shi da siminti ko ya liƙa masa tayil. An dai kakkafa dandamali na katako suna gangarawa wajen kogi, kana zaune ƙarƙashin itatuwa ana kawo maka soyayyar tarwaɗa da albasa, kana jin hayaniyar masu bin ruwa a kan tib ɗin taya.

Zauren ya fi ba ni sha'awa. Rufin kwano ne, bangon katako, ba na'urar sanyaya ɗaki duk da zafin Teksas. In an ji gumi sai a ɗaga faifan katakon da ke gefe iska ta shigo ta ragar waya. Daɓen katakon ya yi sulɓi saboda takun ƙafa, dogayen teburan kuwa duk an sassaƙe su da sunayen mutane. Da a wajenmu ne, wani mai kuɗi zai kalle shi ya ce wannan ai rumfar kaji ce, a kawo katafila. Amma a wannan dandamali shahararren mawaƙin Amurka George Strait ya yi ta wasa tun ba a san shi ba, mawaƙi Willie Nelson ma ya sha hawa. Zauren yana nan yana aiki tun 1878.

Abin da nake so mu gane shi ne, abincin da kiɗan su ke biyan kuɗin gyaran rufi. Tsohon gini ba ya tsayawa da kasafin gwamnati kaɗai, sai da mutanen da ke shiga suna fita kullum suna ajiye kuɗi. Namu ginin ma ya fi nasu buƙatar haka, domin ginin ƙasa in bai sami yaɓe ba kafin damina, shekara biyu uku sai ka ga soro ya fara tsagewa. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano sun tsira don hukuma ta riƙe su, alhamdulillahi. To sauran fa? Tsoffin sito na gyaɗa da auduga, tashoshin jirgin ƙasa, kantunan da aka gina tun zamanin Turawa, zaurukan attajiran da magada suka kasa daidaitawa a kansu. Mafi yawa ana jira ne su faɗi a sayar da fili a yi shaguna.

Ga kuma makaɗanmu. Funtua ta riƙe Alhaji Mamman Shata shekaru masu yawa, ta haifi Barmani Choge. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013. Yaron da ya tashi yau da kalangu ko gurmi ko kuntigi, ina zai je ya yi wasa a gaban mutanen da suka zo don su saurare shi? Sai dai ya jira biki, ko lokacin siyasa, ko ya sami ubangida ya yi ta wasa shi. A Gruene kuɗin ƙofa ake biya, wani lokacin kuma kyauta ne da rana sai a zagaya da gwangwani. Mawaƙi ba sai ya kira sunan kowa ba kafin ya ci abinci. Ba raina liƙi nake ba, al'adarmu ce kuma ta riƙe manyan mawaƙa. Amma mai waƙar noma ko ta nasiha, wanda ba shi da bakin roƙo, yana buƙatar wata ƙofar.

Na san abin da za a ce mini: Malam, can fa giya ake sha. Gaskiya ne, ana sayarwa, ni ma lemo nake karɓa in zauna. Sai dai ba giyar ce ta riƙe wurin ba, ba kuma ita nake cewa a kwaso ba. Na ga tsofaffi da jikokinsu a teburi ɗaya da la'asar, an watse kowa ya kama hanyar gida. Mu da muke da tsire da gurasa da balangu da fura da shayi, me za mu rasa? A ɗauki sito guda a bakin tasha, a gyara kwanon, a bar bangon da rubutun da ke jikinsa. A shimfiɗa tabarmi, a ware gefen iyali, a fara bayan La'asar, a tsaya in an kira Magariba, a tashi da wuri saboda halin tsaro. A gayyato mai unguwa da limamin unguwa tun ranar farko su ga abin da ake yi da idonsu.

Wahalar da na hango ita ce ta mallaka. Yawancin gine-ginen nan na hukuma ne ko na gado, ba mai zuba kuɗinsa a gyaran abin da za a iya ƙwacewa baɗi. Sai an ba mutum hayar shekara 20 ko 30 a rubuce, da sharaɗin ba zai rushe ko bango ɗaya ba, kafin ya yarda ya sayi kwano.