Sata aka yi wa guɗa ranar Lahadi

To, na ga har yanzu ana ta yawo da bidiyon nan na shaidar da wani yaro ya bayar a majami'armu a nan Legas, ana rubuta "Amin, nawa ma na zuwa" a ƙarƙashinsa. Naka na zuwa? Allah ya kiyaye. Sata ce, jama'a, mu kira ta da sunanta. Wata baiwar Allah ta tura kuɗi asusun yaro bisa kuskure, ta yi ta kira ya ƙi ɗauka, ya zare layin ya jefar, sannan ya ɗinka sabuwar shadda ya zo gaban ikilisiya ya karɓi makirfo ya ce Ubangiji ya buɗe masa ƙofa. Da bakinsa ya faɗi yadda aka yi, bai ɓoye komai ba, har da dariya. Mai ganga ya buga, iyayenmu mata suka rangaɗa guɗa, aka miƙe tsaye ana tafi. Madalla. Sai mu jira ranar da mai yankan aljihu na Oshodi zai zo ya ba da tasa shaidar, shi ma ai da azumi ya fita.

Ni yaron ba shi ne ya fi ba ni haushi ba. Yaro ne, kuɗi ya ruɗe shi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne majami'a cike maƙil, kowa da Littafi Mai Tsarki a hammata, wasu har da jakar fata mai zif, amma ba a samu wanda ransa ya ce masa "anya?" ba, in ban da wani tsoho da ya ƙi tashi daga bencinsa. Kun san shi, shi ne ba ya fashin nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba. Ga amsar nan. Ba ma karanta littafin nan. Ɗaukarsa muke yi, mu kai shi sujada mu dawo da shi, mu sa shi ƙarƙashin matashi saboda mugun mafarki, amma buɗe shi a bi sura daga farko har ƙarshe, wannan kam sai ranar da aka tilasta mu.

Wani ya biyo ni ta saƙo ya turo mini Karin Magana 13:22, wai ai an rubuta dukiyar mai zunubi an tanada ta don adali. Sannu malamin tauhidi. Wa ya gaya maka matar mai zunubi ce? Wa kuma ya naɗa ka adali? A cikin wannan sura ɗin, in da ka daure ka ɗaga ido sama kaɗan zuwa aya ta 11, da ka ga an ce dukiyar da aka samu a banza raguwa take yi, wanda yake tarawa kaɗan-kaɗan da guminsa shi ne yake ƙaruwa. Sura ɗaya, shafi ɗaya. Amma haka muke yi da Maganar Allah kamar baƙon da aka ajiye wa tuwo ya bi miya yana tsince nama, ya ture kwanon ya ce ya ci abinci.

Kuma batun tsintuwa ba abu ne da littafin ya bari a duhu ba. Maimaitawar Shari'a sura 22 ta ce in ka ga san ɗan'uwanka ko tunkiyarsa ta ɓace, kada ka kau da kai, ka mayar masa. In ba ka san mai ita ba, ka ajiye a gidanka har ya zo nema. Ta ƙara da jaki, da riga, da kowane irin abu da ya ɓace. Fitowa 23:4 ta ce ko na maƙiyinka ne ka mayar. Maƙiyi fa. Littafin Firistoci sura 6 kuwa ta ce wanda ya tsinci abu ya yi ƙarya a kansa, zai biya abin cif, ya ɗora kashi ɗaya cikin biyar a kai, sannan ya kawo hadayarsa. Biya tukuna, hadaya daga baya. Wanda ya karanta waɗannan ko sau ɗaya, hannunsa ba zai iya tafi ba ranar Lahadin nan.

"Ai ya fitar da zakka a ciki." Wannan ma an faɗa mini, da murya mai taushi, kamar an kashe magana. Wato an ba Allah nasa kason, sai ya yi shiru. Yesu da kansa ya ce a Matiyu 5 in ka kawo baikonka gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon a nan, ka je ku shirya tukuna. Matar nan tana da magana, har kuka take yi a waya. Malakai 3:10, ayar zakka, kowa ya haddace ta, yaran Sande Sukul ma za su rera maka tagogin sama. Aya ta 5 a wannan sura ɗin fa, inda Allah ya ce zai tsaya shaida a kan masu danne hakkin ɗan ƙodago da masu zaluntar gwauruwa da maraya? Ba na jin ana buga ta a jikin ambulan ɗin zakka.

Masu cewa "kada ka yi wa kowa shari'a" kuma, na ji, na gode. Ku ƙarasa surar, Matiyu 7, sannan mu yi magana. Mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17 manzo Bulus ne da kansa ya yi musu wa'azi, amma kullum sai sun koma Nassi sun duba ko haka ne, kuma yabonsu aka yi, ba a ce sun raina shafaffe ba. Mu kuwa kowa ya riƙe makirfo ya ɗaga murya, sai amin.

Wanda na fi ɗauka da muhimmanci shi ne wanda ya ce mini, "Yaya, Legas ce fa." Na sani. A nan nake. Na san mai gida da ke ƙara kuɗin haya ba sallama, na san yadda 'yan'uwanmu masu acaba suka shiga uku tun da aka hana su aiki a Ikeja da Surulere da Apapa da sauransu a 2022, wasu aka kwashe baburansu, suka koma dako. Na san abin da kuɗin mota ya zama tun da aka cire tallafin mai a 2023. Na san kuma kiran da ke zuwa daga gida, daga Kafanchan ko Biliri ko Michika, ana cewa taki, ana cewa kuɗin makaranta, ana cewa Mama ba lafiya, su a ganinsu wanda ke Legas shebur yake sa wa kuɗi. Ba wanda yake raina wannan. Amma ku gaya mini gaskiya, yaron nan yanzu yana barci? Ya canza layi. Ya daina zama inda ya saba zama. Baƙuwar lamba ta kira, gabansa ya faɗi. Asusun da sunansa yake, da BVN ɗinsa, banki ya san shi, shi ma ya san an san shi. Karin Magana 28:1 ta gama da shi tun tuni: mugu yana gudu ba mai korarsa. Wannan ce ƙofar da aka buɗe?

Kwanciyar rai muke nema dukanmu, shi ya sa ake cika motoci ana bin hanyar Ibadan kwanan addu'a, shi ya sa ake sayen man shafewa da ruwa da hankici na addu'a. Ban hana kowa addu'a ba. Amma ayar nan da muke so, ta salamar Allah wadda ta fi gaban ganewar mutum, Filibiyawa 4:7, a kurkuku aka rubuta ta. Mai rubutun, manzo Bulus, yana ɗaure. Aya ta 8 da ke biye da ita cewa ta yi a sa rai ga abin da yake gaskiya, abin girmamawa, abin da yake daidai, mai tsabta. Ka gangara ƙasa kaɗan, ya ce ya koyi zama da ƙoshi ya koyi zama da yunwa. Koya ya yi, ba a shafa masa a goshi ba. Daga nan ne ya ce zai iya yin komai ta wurin mai ƙarfafa shi, ayar da muke liƙawa a bayan Keke kamar takardar neman biza. Agur kuma a Karin Magana 30 roƙonsa shi ne kada a ba shi talauci kada a ba shi dukiya, a ba shi abin da zai ishe shi, don kada ya ƙoshi ya manta da Ubangiji, kada kuma ya rasa ya yi sata ya ɓata sunan Allahnsa. Yaushe rabon da ku ji an ɗaga wannan addu'a da ƙarfe biyun dare? Salamar tana cikin littafin, amma tana tafe da sharuɗɗanta, kuma ba za ka san su ba in ba ka karanta ba.

Mutunci ma haka. 1 Tasalonikawa 4:11 da 12, ku duba da kanku: ku yi zamanku a natse, ku kula da sha'anin gabanku, ku yi aiki da hannuwanku, don ku zama da mutunci a idon waɗanda ba sa cikin ikilisiya, kada kuma ku rataya a wuyan kowa. In akwai ayar da aka rubuta don ɗan Arewa mazaunin Legas, ita ce wannan. Me muka zo da shi garin nan? Ba jari ba, ba takardu ba. Amana. Saboda ita Bayarabe yake miƙa wa mutuminmu makullin gidansa ya yi tafiyar wata guda. Saboda ita ake sauke tirelar tumatir da albasa a Mile 12 a kan maganar baki, kuɗi sai an sayar. Maƙwabtanmu Musulmi a Agege da Idi-Araba, ko yaron makarantar allo ka tambaya zai ce maka tsintuwa cigiyarta ake yi har shekara. Yanzu bidiyon nan ya shiga wayoyinsu. Da wane baki za ka gayyaci abokin kasuwancinka bikin Kirsimeti? Mutunci madara ne, kuma a gaban kyamara muka kifar da namu.

Ku kuma yayyenmu na bariki, da na ga wasunku a layin gaba kuna tafi da ƙarfi, akwai taku a Luka 3:14. Sojoji sun tambayi Yohanna Mai Baftisma me za su yi, ya ce kada su ƙwace wa kowa, kada su yi wa kowa ƙage, su dangana da albashinsu. Masu karɓar haraji ya ce kada su karɓi fiye da abin da aka yanka. Ban ƙara komai ba, ku je ku gani.

Abin da ke ƙona mini rai, littafin nan ba a sama ya faɗo mana da Hausa ba. A nan Legas ɗin 'yan mishan uku, Bingham da Gowans da Kent, suka sauka a ƙarshen 1893 suna neman hanyar shiga Arewa, kafin shekara ta zagayo biyu sun mutu, Bingham kaɗai ya rage. Wani ɗan mishan, Likita Miller, ya yi shekaru a Zariya yana fama da fassara, sai a 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, aka sake sabuwar fassara a 1979. Kakanninmu manoma ne, sun dawo daga gona a gajiye sun zauna gaban aci-balbal suna a, ba, ca, don kawai su karanta da idonsu kada wani ya karanta musu. Tsofaffin nan ba su san Girkanci ba, amma ka kawo musu ayar da aka yanke wa kai, sai su ce maka "karanta gaba." Yau ofishin ƙungiyar da ke buga littafin yana nan Apapa, yana kuma cikin wayar kowa kyauta, har da mai karanta maka da murya. Jikokinsu ne ke guɗa.

"Ba lokaci." Kai da kake awa biyu a danfo daga Ajah, ido a kan waya, kana kallon faɗan mawaƙa. Wasiƙar Yakubu sura biyar ce, kafin ku haye gada ka gama ta, kuma na yi maka alkawari za ta taka ka a wurin da ba ka zata ba. Na yarda ƙarfe biyar na yamma ranar Laraba bai yi wa ma'aikaci daidai ba a garin nan. To dattawa su mayar da shi bakwai, ko a raba shi gida-gida, 'yan Ojo su haɗu a Ojo, 'yan Obalende a Obalende. Baba Fasto, da girmamawa nake roƙo, a ɗauki littafi guda a bi shi aya bayan aya har a gama, a bar mutane su yi tambaya, ko tambayar ba ta da daɗi. Kuma a riƙa jin shaida a ofis kafin a ba mutum makirfo.

Kai kuma ƙanena, na san za a nuna maka wannan. Ban tsane ka ba, mahaifiyarka uwata ce a Zumuntar Mata. Lambar matar tana cikin takardar banki. Abin da ya rage ka mayar, abin da ka ci ka roƙi a yanka maka wata-wata, akwai waɗanda za su raka ka, ni ma ina ciki. Shaddar ka riƙe, ta yi maka kyau.

Af, tun da na fara, 'yan mawaƙa, ina kuka kai Littafin Waƙoƙi? Sujadar Hausa ce, amma tun daga farko har ƙarshe waƙa ɗaya ake maimaitawa da Turanci, layi biyu, minti ashirin, mai jita yana rufe ido. Tsofaffi suna tsaye suna motsa baki ba su san me ake cewa ba. Littattafan suna cikin kwali a bayan ofis, na gan su, ɓeraye sun fara da bangon. Kuma wanda ya ari nawa tun bikin godiya, mai jan bango da sunana a shafin farko, ya ajiye mini a wurin mai gadi.