Karen da ke gadinmu yana wuni da ƙishirwa

Jiya bayan Azahar muna dawowa daga masallaci, ƙaramin ɗana ya ja gefen rigata ya ce, "Baba, yau karen can bai yi mana haushi ba." Na waiga. Yana kwance jikin turken ƙarfen da ake ɗaure shi a ƙofar wani gida a layinmu nan Tudun Jukun, harshe waje, ciki na hawa da sauka kamar zugazugin maƙeri. Sarƙar ba ta kai kamu uku ba. Inuwar katanga ta gudu ta bar shi tun hantsi. Kwanonsa a kife, ƙura ta lulluɓe shi, ƙudaje sun cinye bakin kunnuwansa har jini. Kun dai san ranar bazara a Zariya, wadda ko da takalmi sai ka ji ƙasa na gasa maka ƙafa.

Wallahi kunya ce ta rufe ni. Sau biyar nake wuce karen nan kullum, kuma abin da kawai nake yi shi ne in tattare babbar riga in tsallaka ɗaya gefen kada ya shafe ni. Na kiyaye rigata, ban taɓa leƙa kwanonsa ba. Alhali tun bara da ɓarayi suka addabe mu da haura katanga, yau a kwance akuya gobe a cire batirin mota, da haushinsa duk layin muke barci. Ni ma na ci moriyarsa, ko kofin ruwa ban biya ba.

Na san abin da wani zai fara cewa: ai ajiye kare ma bai halatta ba. To, mun ji. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da kare, ya san wanda ya riƙe kare ba don noma ko kiwo ko farauta ba ana rage masa ƙiraɗi na lada kullum, a wata ruwayar ƙiraɗi biyu. Samarin da ke sayen karnukan Turawa da kuɗi masu tsada don a gan su da su, har a kwana ɗaki ɗaya, su je su ji da wannan, yau ba da su nake ba. Na gadi kuwa malamai da yawa sun yi rangwame in akwai buƙata ta gaskiya. Masu sharhin Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, sun kawo cewa shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare. Aka ce masa ai Imam Malik ya karhanta, sai ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. Kuma waje shi ne muhallin kare. Duk Juma'a muna karanta karen Ashabul Kahfi ya shimfiɗa hannuwansa a bakin ƙofar kogo, a aya ta 18 ta Suratul Kahfi.

Amma ɗan'uwa, wa ya ce maka "waje" na nufin cikin rana? Wa ya ce maka don ba zai shiga ɗaki ba shi ke nan ba shi da haƙƙi a kanka? Mun riƙe rabin karatu mun yar da rabi. Hadisin wanke ƙwarya sau bakwai kowa ya haddace, har yaran Islamiyya. Na mutumin da ya sauka rijiya ya ciko huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hauro ya shayar da kare mai lasar ƙasa don ƙishi, Allah Ya gafarta masa, wannan sai a wurin wa'azi muke tunawa da shi, mu ce Allahu Akbar, mu dawo gida mu wuce namu karen yana lasar tasa ƙasar. Sahabbai har tambaya suka yi ko muna da lada a kan dabbobi, Annabi (SAW) ya ce a kan duk mai ɗanyar hanta akwai lada.

Abin da ya hana ni barci jiya kuwa ita ce matar nan da ta shiga wuta a kan kyanwa. Ba a ce ta doke ta ba. Tsare ta ta yi, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi ƙwarin ƙasa ba. To mene ne sarƙa in ba tsarewa ba? Karen da ke yawo a bola ya fi naka gata, shi in ƙishi ya dame shi zai nemi kwata ya sha. Naka ka ɗaure, ka hana shi neman na kansa, kai kuma ka manta.

A kwashi iyali a tafi biki Kano kwana uku, a kulle gida, a bar shi a turke wai ai kare ba ya mutuwa da wuri. A ba shi tuwon da ya kwana biyu ya yi yauƙi, wanda ko kaji sun ƙi. Kaska ta cika masa wuya ba mai cirewa. Damina ta zo ruwa ya ƙare a kansa, hunturu ya zo ya kwana kan siminti yana makyarkyata. Yara su dawo daga makaranta su yi ta jifansa, mu manya muna zaune a dakali muna dariya. Ranar da ya tsinke ya ciji yaro sai a ce mugun kare ne, a ɗauko sanda. Wa ya mayar da shi mugu? Ga allurar rigakafin haukan kare, asibitin dabbobi na ABU yana nan Samaru, amma sai a shekara biyar da kare ba a kai shi ba sau ɗaya. Ciwon nan in alamunsa suka bayyana a jikin mutum sai dai addu'a. Wannan kuma haƙƙin maƙwabta ne ya hau kanka, bayan na dabbar.

Na tsayar da mai garuwa na sayi jarka ɗaya. Na wanke kwanon na cika, na tura masa da sanda don har lokacin tsoronsa nake ji. Bai ko ɗaga kai ya dube ni ba, ya shanye tas, na ƙara ya shanye. Kare ba ya zufa irin tamu, da haki yake fitar da zafin jikinsa, shi ya sa ruwa ke ƙare masa da wuri.

Bayan Magariba na sami mai gidan, dattijo ne, sa'an mahaifina. Na durƙusa na ce, "Baba Alhaji, a gafarce ni, karenku na gani yau ba ruwa." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi yaro, yaran gida na bar wa." Su kuma yaran kowa na zaton ɗan'uwansa ya zuba. Mutumin kirki ne, sahun farko ba ya wuce shi, kawai babu wanda ya taɓa faɗa masa, har da ni da nake wucewa sau biyar. Da safen nan na ga an mayar da turken ƙarƙashin bishiyar darbejiya, an jingina tsohon kwanon rufi an yi masa 'yar rumfa.

Don Allah 'yan'uwa, in ba za ku iya ba ku bayar da shi ga mai gona ko maharbin da zai riƙe shi. In kun riƙe, ku tsawaita sarƙar, ku riƙa kwance shi cikin gida da dare ya miƙe ƙafa, ku sa wa yaro ɗaya aikin ruwan da sunansa. Don Allah. Kai mai karanta wannan kana kwance ƙarƙashin fanka, ajiye wayar nan ka leƙa ƙofar gida ka duba kwanonsa.